Makita GD0800C wajen gyaran ƙofofin tof silinda

Da wannan injin gurza na faɗaɗa ƙofofin tof silindar alminiyum (hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi a murfin saman inji) a gida, kuma na gamsu. Abin da ya fi burge ni, ana iya rage gudunsa daga juyi 28,000 a minti zuwa 7,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dogon bakin kabayid (ƙarfe mai tauri da ake ɗaura wa injin don gurza) yakan lanƙwashe idan gudu ya yi yawa.

Ku sayi baki mai manyan haƙora. Mai ƙanana alminiyum ke toshe shi, sai ana shafa masa kakin kyandir. Ƙofar shigar iska na bar ta da ɗan kaushin samfefa mai lamba 80, ta salansa kuwa na goge ta sumul. Injin gurzan yana da ɗan nauyi a hannu. Kada ku kusanci mazaunin bawul (inda bawul ke zama ya rufe ƙofar), kuma ku sa tabarau.