Mazaunin maganaɗisu mai makunni: mai maganaɗisu ɗaya da mai biyu

Wani ɗan uwa ya tambayi yadda ake kashe mazaunin maganaɗisu, wato gindin da ke manne wa ƙarfe idan an murɗa makunninsa, alhali babu batir a cikinsa, da kuma bambancin wanda ake ɗora wa agogon awo (ma'auni mai allura kamar agogo) da wanda masu walda ke riƙe ƙarfe da shi. A duka biyun maganaɗisun ba ya mutuwa, hanyar da ƙarfinsa ke bi ce kawai ake sauyawa.

Na agogon awo dunƙulen ƙarfe ne gida biyu, an raba su da siririn tagulla ko alminiyam, waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa, sannan aka huda tsakiya aka zura maganaɗisu mulmulalle wanda kansa na arewa da na kudu suke a gefe da gefe. Idan aka murɗa makunni digiri 90, kowane kai zai fuskanci gida ɗaya, sai gidajen su zama arewa da kudu, ƙarfin ba shi da mafita sai ta cikin teburin ƙarfen da aka ɗora shi a kai, shi ne yake kamawa. Idan aka mayar, kawunan suna kallon tagullar, sai ƙarfin ya zagaya cikin gidajen bai fito ba. Tsagin da ke ƙasansa mai siffar V an yi shi ne domin ya zauna daram a kan bututu.

Na biyun, wato na masu walda, irin na kamfanin Magswitch, fayafayen maganaɗisu biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, na ƙasa a kafe, na sama yana juyawa digiri 180. In kawunansu suka daidaita, ƙarfinsu ya haɗu ya fita ta gefen gidan. In suka saɓa, sai ya rufe a tsakaninsu. Da yake galibi neodiyam, wani irin maganaɗisu mai ƙarfi sosai, ake sa musu, ƙaraminsu kan yi riƙon da zai ba ka mamaki, sai dai neodiyam na gama-gari yana fara rauni idan zafi ya haura digiri 80 na ma'aunin Salshiyas, don haka kada a manna shi dab da bakin walda.

A ganina, mai aikin awo na farkon ya ishe shi, domin zama ba motsi yake nema. Kowanne ka ɗauka, fenti, tsatsa, ɓurɓushin ƙarfe da falle marar kauri suna rage riƙo ƙwarai, saboda haka a goge ƙasansa kafin a murɗa.