Sharhi kan Kamfanin da Ya Duba Mana Gini Kafin Mu Saya

Bankin da zai ba mu rance ne ya gindaya sharaɗin cewa sai an kawo masa rahoton lafiyar gini daga wani kamfani mai zaman kansa kafin ya saki kuɗi, shi ya sa muka ɗauki wannan kamfani ya duba mana ginin da muke ciniki, wato bene mai shaguna a ƙasa da ofisoshi a sama, ga kuma sito a baya. Tun farko sun shaida mana cewa suna aiki ne da ƙa'idar ASTM E2018, wadda wata ƙungiyar tsara ma'auni ta Amurka ta fara fitarwa a 1999. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, aikinsu shi ne su zagaya gini su duba da ido, su karanta takardu, su yi wa masu kula da wurin tambayoyi, sannan su ƙiyasta abin da gyara zai ci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun rufi. Mai ginin da dillalinsa sun yi ta nanata mana cewa sabon rufi ne, har da rasit suka nuna, kuma duk wanda ya hau ya gani zai yarda, domin shimfiɗar da ke hana yoyo fes take, babu tsagewa ko ɗaya. Injiniyan da kamfanin ya turo, dattijo ne marar yawan magana, bai tsaya kallo daga bakin matakala ba. Ya taka rufin lungu-lungu, ya ce akwai wuraren da yake jin suna lotsawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya kuma nuna mana shatin datti a kusa da magudanai, alamar cewa ruwa yana kwanciya a wurin. Ya bayyana cewa ruwan da ya wuce sa'o'i 48 a kan shimfiɗaɗɗen rufi bayan ɗaukewar ruwan sama, aibi ne ko da rufin jiya aka yi shi.

Daga nan sai ya nemi izinin dawowa bayan faɗuwar rana da kyamara mai ganin zafi. Dalilinsa shi ne, abin tare zafin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rufi idan ya jiƙe yakan riƙe zafin rana ya daɗe bai huce ba, saboda haka da dare wurin da ke da laima yakan fito daban a hoto, alhali busasshen wuri ya riga ya yi sanyi. Wannan ba ya cikin yarjejeniyarmu, sai da muka ƙara kuɗi, kuma sai da aka sha fama kafin mai ginin ya yarda a yanki ɗan ƙaramin wuri a duba. Gani ya kori ji. Ashe ba a cire tsohon rufin ba, sabuwar shimfiɗa kawai aka ɗora a kansa, aka rufe ruwan a ciki. Da injiniyan ya sa aka ɗaga silin a ofisoshin sama, wanda aka shafa wa sabon fenti, sai ga kankare ya fara ɓantarewa, rodi ya fito ya yi tsatsa. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ke kewaye da shi har ya fashe, kuma matuƙar laima tana nan abin ba ya tsayawa. Da waɗannan hotuna muka koma teburin ciniki, mai ginin ya yi ragin da ya ɗauke mana nauyin sake rufin baki ɗaya. A ranar, da an tambaye ni, da na ce babu kamfanin da ya kai su.

Sai dai kash, aikin da aka yi a kan rufi bai yi kama da wanda aka yi a ofishinsu ba. Rahoton bai iso hannunmu ba sai da wa'adin da aka ba mu na janyewa daga ciniki ya kusa cika, duk da alkawarin da suka ɗauka a rubuce. A cikinsa kuma na tarar da sakin layi guda yana bayani a kan na'urar hawa bene, alhali ginin matakala kaɗai gare shi, wanda ya nuna ƙarara cewa daga rahoton wani gini aka kwafo. Da na yi ƙorafi sun goge shi sun ba da haƙuri, amma zuciyata ba ta sake natsuwa da sauran shafukan ba.

Babban abin da ya ƙona mini rai shi ne jadawalin da ke nuna shekarun da suka rage wa kowace na'ura da kuɗin da ya kamata a riƙa warewa don sauya ta, domin a kansa banki ya dogara wajen yanke abin da za mu ajiye. Sun rubuta cewa manyan na'urorin sanyaya ginin suna da sauran rai mai tsawo, bisa abin da mai kula da ginin ya faɗa musu da baki. Bayan mun karɓi mabuɗi, mai gyaran da muka kira ya karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikin kowace na'ura, ya ce sun tsufa ƙwarai, kuma da iskar R-22 suke aiki, wadda ake kawar da ita a duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda haka samunta ƙara wuya yake yi. Wannan ba abin da ke ɓoye cikin bango ba ne balle a ce ya wuce hurumin duba da ido. Allon yana nan a fili, mutum ya sunkuya kawai ya karanta.

Da na rubuta musu, sai suka amsa da lafazi mai daɗi suna tuna mini da wani sashe na yarjejeniya da ya taƙaita alhakinsu ga adadin kuɗin aikin da muka biya su. Ban musa cewa sashen yana nan ba, amma ban ga yadda ya wanke su daga sakaci ba. Idan wata hidimar ta sake tasowa, wancan dattijon injiniya zan nema da sunansa, kuma zan sa a rubuta cewa sai an haɗa hoton allon kowace na'ura a cikin rahoto. A yanzu dai muna jiran su gyara jadawalin su aika wa banki, domin abin da aka ware ba zai sauya ko rabin na'urorin ba.