Hattara da masu tallar hutun Girne da sunan bizar Turai

Jama'a, akwai wata talla da take ta yawo a WhatsApp da Instagram, kuma na ga 'yan uwa da dama suna tura ta gaba da zuciya ɗaya. Hoton wata tashar jiragen ruwa ce a bakin Bahar Rum, ƙananan jirage jere, ga wata tsohuwar ganuwa a gefe. A ƙasa an rubuta hutun mako guda a Turai, biza tabbas, ba sai an yi intabiyu ba. Idan ka tuntuɓi mai tallar, zai ce garin Girne ne a tsibirin Saifurus, sannan ya raɗa maka ainihin abin da yake sayarwa: wai in ka sauka, ba dole ne ka dawo ba, daga nan sai ka zarce Jamus ko Italiya. Don Allah kada kowa ya tura kuɗinsa.

Girne gari ne na gaske, kuma yana da kyau. Girkawa suna kiransa Kireniya. Ganuwar nan ta cikin hoto tana nan, a cikinta akwai gidan tarihi da aka ajiye wani jirgin 'yan kasuwa na katako da ya nutse tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A bayan garin duwatsu ne, a kansu ga ƙauyen Bellapais da fadar Saint Hilarion. Wanda ya je hutu da takardunsa cikakku zai ji daɗinsa. Da wannan kyawun ake rufe ƙaryar.

Tun 1974 tsibirin yake a rabe. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Arewa, inda Girne yake, ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kuɗin da ake kashewa a can lirar Turkiyya ce. Filin jirginsu, Ercan, jirage daga Turkiyya suke zuwa masa, don haka dole ka ratsa ta can. Takardar da za ta shigar da kai arewa ba bizar Schengen ba ce, wato bizar da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta ba ka izinin taka Jamus ko Italiya. Hasali ma hukumomin kudu suna ɗaukar shiga tsibirin ta Ercan a matsayin shiga ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke cewa ai kudu nan ce kusa, ƙetarawa kawai za ka yi. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani zirin ƙasa da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke tsaro. A 2021 wasu 'yan Kamaru sun maƙale a cikinsa, suka shafe watanni a tanti, gaba ba hanya, baya ba hanya. Waɗanda suka samu tsallakawa kuma sansanin Pournara ake kai su, kusa da Nikosiya, su zauna jiran amsar neman mafaka. Saifurus ta sa Najeriya da Ghana cikin ƙasashen da take ganin lafiya lau suke, saboda haka da wuya a karɓi buƙatar ɗan can. Ko a ce an bar ka a kudun, tsibiri ne, ba ka fita sai ta jirgi, kuma jirgi sai da takarda. Mutum ya sayar da gonar gado ko motar da yake ci da iyali, ya ƙare a nan.

Wasu 'yan damfarar ma ba sa kai ka ko'ina. Za a ce ka biya rabi kafin alƙalami, gurbi biyu ya rage, zuwa Juma'a za a rufe. Lambar asusun da za a turo ta wani mutum ce, sunan ma bai yi kama da na kamfanin da ke kan tallar ba. Bayan kwana biyu sai ga takarda mai tambarin kamfanin jirgi, ga sunanka, ga ranar tashi. Ka duba da kyau: kama gurbi aka yi kawai, ba a biya ba, kuma in lokacinsa ya cika yana gogewa da kansa. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, na Turkish Airlines da 235 yake farawa. Shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa lambar da sunanka, ka gani ko an fitar da tikiti. Haka takardar otal, akwai irin wadda ake kamawa kyauta a soke kyauta. Nemo lambar otal ɗin a intanet, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka kira ka tambaya ko an biya kuɗin ɗakin.

Ɗan Najeriya sai ya nemi bizar arewacin Saifurus tun kafin ya taso. Duk wanda ya ce maka a filin jirgi za a buga maka, ka rabu da shi. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma tun a 2020 shugabar NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu karatu yankin. In wani abu ya same ka, wanda zai tsaya maka yana nesa.

Mai son hutu tsakani da Allah ya je ofishin kamfanin da ƙafarsa, ya binciki rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya tambaya ko yana cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ya biya ta asusun kamfani, ya karɓi rasit. Fasfonka kuma kada ka bar shi a hannun wanda ba ka san ƙofar gidansa ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa shi yin shiru, kuma kada ya ƙara ko sisi in an ce saura kuɗin inshora ko na sa hannu. Ya ɗauki hoton duk hirar da shaidar tura kuɗin, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.