Filafilin Werner Sherpa bayan wata takwas a ruwan Jinja

Tun da na saka hoton nan na kogin Nilu mutane ke ta tambaya ta inbox wai wane filafili nake amfani da shi, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Karatu ya kawo ni Uganda, wani ɗan ajinmu ya ja ni Jinja wata Asabar, daga nan fa shikenan na kamu da kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na wasa a ruwa.

Filafilin kayak ba irin na masu kwale-kwalen Yawuri bane, shi baki biyu gare shi, dama da hagu, kuma a ruwa mai hauka irin na wajen Itanda, wani gangaren ruwa a kogin Nilu ƙasa da Jinja, shi ne birkinka shi ne sitiyarinka, in ka kife ma da shi zaka juyo. Na farko da na saya kwance ne, bakin roba, arha ce ta ruɗe ni wallahi. Kana kafa shi a ruwa kana jin bakin yana lanƙwasawa kamar cokalin roba a tuwo mai tauri, ga nauyi, zuwa la'asar kafaɗa ta mutu.

Wanda nake riƙe da shi yanzu Werner Sherpa ne, ɗan Amurka, bakin faiba, ƙota miƙaƙƙiya, santimita 197. Saura kaɗan in ɗauki yayansa Powerhouse don bakinsa ya fi faɗi kuma shi ƙattin wajen ke riƙewa, sai na ari na wani na yini guda na gane ba sa'ana bane, babban baki ruwa mai yawa yake kamowa kuma kafaɗarka ce zata biya, ni kuwa ɗan firit ne kilo 64. Sherpa matsakaici ne, ina iya bugu da sauri-sauri ban galabaita ba.

Tsayi kuma kar wani ya sayar maka da dogon nan na yawo a tafki mai 220 ko 230. Na wannan harkar yawanci tsakanin 191 ne zuwa 200, ni mai tsayin santimita 175, na 197 ya zauna min daidai, masu wasan juye-juye a kan igiyar ruwa ma sun fi son wanda bai kai haka ba.

Abun da ban sani ba sai da wuyan hannuna ya kumbura shi ne karkacewar bakunan. Ba a saiti ɗaya suke ba, an ɗan murɗa ɗaya. Tsohon nawa digiri 60 ne, duk bugu sai na murza hannun dama sosai, wannan kuwa 30 ne, cikin sati biyu ciwon ya tafi. In hannunka ƙarami ne ka tambayi mai siririyar ƙota, suna yinta.

Kuɗi kam akwai shi, sai da na haɗa na wata uku, mai bakin kabon maimakon faiba kuwa ko farashin ban tsaya ji ba. Shi faiba in kana yawan dukan dutse da shi a hankali gefen yake cinyewa, nawa ya ɗan goge kaɗan amma ruwan nan zurfi gare shi ba kasafai ake taɓa ƙasa ba. Na dai rubuta sunana a jiki da fenti ja, don ranar da na sake shi a ruwa sai can ƙasa wasu masunta suka tsinto min shi.