Jakunkunan Fata na Cheyenne: Wacce Za Ka Saya, Me Za Ka Duba?

Kafin ka sa kuɗi a jakar Cheyenne, 'yan asalin Amurka da ke zaune yau a Montana da Oklahoma, ka fara sanin irin da ke gabanka. Jakar lofe doguwa ce, ƙasanta da geza, wani lokaci da ƙayar beguwa da aka rina, kuma tana cikin masu tsada a gwanjo. Jakar ƙyastu 'yar ƙarama ce mai 'yan mazurarin ƙarfe a baki, ita ta fi dacewa da mai farawa. Ta ɗanyar fata da aka zana da launi ba ta da duwatsun ado na gilashi, kuma in ta tsage ba ta gyaruwa yadda ya kamata.

Kada zane ya ruɗe ka, don shi masu jabu suka fi iya kwaikwaya. Zare za ka duba. Tsohon aiki da jijiyar dabba aka ɗinka shi, za ka ga tana rarrabuwa siri-siri, ba ta da murɗa iri ɗaya kamar zaren auduga. Ana jera duwatsu kamar shida zuwa goma a layi, a huda saman fata da basilla ba tare da an ɓulla ba, shi ya sa bayan fatar yakan fito wayam. Manyan duwatsu sun fi yawa kafin wajen 1850, ƙananan na Benis da Bohemiya a Turai suka biyo baya. Sa gilashin ƙara girma: tsofaffin duwatsu ba sa zama kai ɗaya, ja kuma sau da yawa cikinsa fari ne.

Fatar ba jimar bagaruwa ba ce irin ta Kano. Da ƙwaƙwalwar dabba ake jeme ta, tana da laushi kamar ƙyalle. Kada ka shafa mata mai, baƙi za ta yi. Bushewar hunturu na fasa ta, danshi kuma na sa farin gishiri ya fito a jikin duwatsun har su farfashe. Taɓa ta da safar hannu, domin a da an yi ta barbaɗa wa irin waɗannan kaya gubar asinik don kashe ƙwari.

Sai maganar doka. Duk jaka mai gashin gaggafa ka bar ta, dokar Amurka ta 1940 ta hana sayar da shi komai tsufansa. Kayan ibada ma haka, an tsaurara fitar da su daga ƙasar tun 2022. Dillalin da ya kasa kawo takardar da ke nuna hannun da jakar ta bi, rage masa farashi ko ka wuce.