Kayan ƙafar da na sa wa Hilux ɗina: gaba ya burge ni, lam ɗin baya ya ɓata min rai

Tun da mutane suka ga motata ta ɗan ɗaga sama ake ta tare ni da tambaya, a masallaci da bakin kasuwa, wane kaya na sa, kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. To ga amsar, duk mai so ya karanta. Motar Hilux Vigo ce ƙirar 2010, mai ƙofa huɗu, da ita nake harkar masara da gyaɗa tsakanin Garwa, Ngong da ƙauyukan wajen Tubaro, lokaci-lokaci kuma in hau Ngaundare ɗauko kayan da jirgin ƙasa ya sauke.

Kafin gyaran nan motar ta gaji ƙwarai. In na hau tudun rage gudu sai ta yi ta lilo kafin ta natsu. Sitiyari yana da wasa, sai ka juya shi kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta amsa. A hanyar jar ƙasa mai gargada kuwa bayanta zamewa yake gefe, ko da gudun bai kai ya kawo ba. Amortiser ɗin gaba na hagu, wato abin da ke hana mota tsalle da lilo, duk ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa. Masu ƙera amortiser galibi suna cewa a canza shi wajen kilomita 80,000, nawa kuwa ya wuce nan nesa ba kusa ba, kuma a kan irin hanyoyinmu.

Shi ya sa na ce a wannan karon ba zan sake sayen na-hannu daga cikin tarin da ake zubewa a ƙasa ba. Wani mai shagon kayan mota a nan Garwa ya yi min odar cikakken saiti daga Kam Yabasi a Duwala: amortiser huɗu masu gas, sifirin biyu na gaba, lam na baya (sifirin mai ganyayyakin ƙarfe jere a kan juna), silanbulok (robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa) da ƙusoshin da ke ɗaure lam da aksil. Kuɗin kun san shi, ba sai na faɗa ba, ya isa mutum ya shiga kasuwar Adumri ya fito da sa mai ƙiba. Rotil na sama da na ƙasa, wato gaɓoɓin da tayar gaba ke juyawa a kansu, da sandunan sitiyari kuwa bakanikena ne ya nemo su da kansa, 'yan Japan masu lamba 555, ya ce shi a nan ba ya yarda wani ya zaɓa masa domin jabu sun cika kasuwa, har kwalin ma kwaikwayonsa ake yi.

Amfanin mai gas, ga wanda bai sani ba, yana fitowa ne a doguwar gargada. Amortiser aikinsa tura mai ta ƙananan ƙofofi, da haka yake kashe tsallen sifirin. In ya daɗe yana sama da ƙasa cikin zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, man yana zafi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe komai. Sai ka ji motar da ka baro gida da ita lafiya ta koma tana yawo da kai a tsakiyar tafiya. Gas ɗin naitirojin da ke ciki shi ke danne man ya hana shi kumfa da wuri.

Bakanikena ya yi aiki, Allah ya saka masa. Bai ɗaure ƙusoshin silanbulok ba sai da ya sauke motar daga kan jak ta tsaya da nauyinta, ya ce in an ɗaure su motar na rataye, robar a murɗe take zama, ba ta daɗewa take yagewa. Da ya ga motar ta ƙaru da kusan santimita 5, ya shiga ƙarƙashi ya gyara sandar nan ta bawul ɗin birkin baya, wanda ke auna nauyin kaya. Ni ban taɓa sanin da ita ba. Ya ce, “Alhaji, in aka ɗaga mota aka bar wannan yadda yake, ko ka cika ta da buhuna bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage wa tayoyin baya birki.” Sannan ya hana a yi mata saitin taya da igiya kamar yadda aka saba a bakin hanya, ya sa na kai ta wurin masu na'ura.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a falez. Duk direban da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Garwa ya san wurin. Ka baro Ngaundare da kamar kilomita 40 sai hanya ta fara gangarowa daga tudun Adamawa, wanda ya haura mita 1,000, tana kwana bayan kwana har ka sauka wajen Mbe inda ake jera doya a bakin titi. Dukkan manyan motocin da ke kai kaya Marwa, Kusiri da Njamena ta nan suke bi, kuma ba a rasa wadda ta mace a tsakiyar hawa.

Ranar na ɗauko buhunan shinkafa da jarkokin manja, bayan motar cike, kawuna yana zaune a gefena, an yi yayyafi kwalta tana sheƙi. Ina cikin giya ta uku na shiga wata kwana ta dama, sai ga ganyen da ake zubawa a hanya alamar mota ta lalace, amma an zuba shi dab da motar, babu tazarar da mutum zai shirya. Tirela ce ta tsaya a hannun masu hawa. Wata kamiyo kuma, babbar motar kaya, ta fito daga bayanta tana son wuce ta, ta cinye hannuna gaba ɗaya, tana tafe a hankali da hayaƙinta baƙi ƙirin. Abin da ya rage min ɗan bakin hanya ne na dama, rabi kwalta rabi tsakuwa, ga rami a daidai inda kwaltar ta gutsure.

Na taka birki, na karya sitiyari dama. Tayar gaba ta faɗa ramin, na ji ƙarar har cikin haƙorana, amma sau ɗaya tak motar ta nutsa ta taso ta tsaya a kan ƙafafunta. Ba ta yi tsalle na biyu ba, bayanta bai wulla ba, sitiyarin bai fizge daga hannuna ba. Na mayar da shi hagu kaɗan, ta bi ni nan take, muka wuce ta gefen kamiyon har ina ganin igiyar tamfol ɗinta tana kaɗawa kusa da madubina. Kawu salati kawai yake yi. Da muka samu fili na tsaya, na fito ƙafafuna suna rawa, na zagaya motar. Jarka ɗaya ce ta kife, ita ma murfinta bai buɗe ba. Kawu ya dafa bodin ya ce, “Ɗana, Allah ne ya tsare, amma da tsohuwar ƙafar nan ce da yanzu wani zancen ake yi.” Ni ma na san haka, domin na san yadda take yi a da in ta faɗa rami da kaya: sai ta yi sama, tayar ta rabu da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba birki gare ta ba sitiyari.

Daga falez har gadar Binuwai yabon kayan nan nake yi. Na kira abokai biyu a waya na ce su je su yi oda.

Sai dai a ranar motar da kaya take. Da na fara yawo da ita babu komai a baya, nan na gane abin da aka sayar min. Lam ɗin ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Kowane ɗan gurbi a titin cikin gari sai ya doki ƙugunka, wanda ke kujerar baya kuwa har kansa yana taɓa rufi a kan tudun rage gudu. A gargada ma, in ba kaya, bayan yana tsalle yana neman zamewa kusan irin na da, abin da na kashe kuɗi don in rabu da shi ke nan. Na ɗauki Inna zuwa biki a Gidar, ba mu kai Figil ba ta ce, “Kai ɗan nan, ka tsaya in huta, bayana zai ɓalle. Wace irin mota ce ka mayar da ita haka?” Da za mu dawo ta ce ita motar haya za ta bi. Tsohuwa mai ciwon baya ta zaɓi cunkoson motar haya a kan motar ɗanta. Wannan abu ya tsaya min a rai har yau.

Bakanike ya duba lambar da ke jikin lam ɗin ya nemi bayaninta. Ashe irin waɗannan saitin hawa-hawa ne. Akwai na motar da yawanci ba ta ɗaukar kaya, akwai na matsakaicin nauyi, akwai kuma wanda aka yi domin motar da kullum nauyin ɗaruruwan kilo ke zaune a bayanta, kamar masu tankin ruwa ko akwatin kayan aiki na ƙarfe. Na ƙarshen nan aka kawo min. Kuma wallahi ranar da na je yin oda na faɗa wa mai shagon da bakina cewa tafiya ɗaya da kaya nake yi, ɗaya babu, kuma da motar nake kai iyali unguwa. Ya ce kada in damu, ya san abin da ya dace da ni.

Na koma shagon cikin mutunci, na yi sallama, na ce, “Alhaji, lam ɗin nan ba irin wanda muka yi magana ba ne.” Bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya ce, “Haba Alhaji, ai mai ƙarfin na zaɓo maka, wanda ya fi tsada ma. Mutane roƙona suke in samo musu shi.” Na ce ƙarfi daban, dacewa daban. Ya ce kayan da aka riga aka ɗaura ba ya komawa Duwala, in ina son mai laushi in sake biya a yi sabuwar oda, shi kuma zai taimaka ya nemo wanda zai sayi wannan a rabin kuɗi. Rabin kuɗi, a kan kuskuren da ba nawa ba! Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko “yi haƙuri” bai ce ba. Shekara da shekaru ina sayen mai da filta da batir a wurinsa, yaransa sun san lambar motata da ka.

Ga kuma silanbulok ɗin da suka zo cikin saitin. Ba baƙar roba ba ce irin ta asali, wata jar roba ce mai tauri da ake kira foliyuretan. Gaskiya tana sa mota ta tsaya cak a kwana, kuma mai ba ya cin ta. Amma tana son giris, shi kuma bai ce min komai ba, ɗan ƙunshin giris ɗin da ya kamata ya zo tare da su ma ban gan shi a kwalin ba. Da hunturu ya shigo ƙura ta samu wurin zama, sai kuka ya tashi, ƙiiƙ-ƙiiƙ tun daga ƙofar gida har kasuwa, masu babur suna waiwayena. Sai da aka sake kwance lam ɗin gaba ɗaya aka shafa, na sake biyan kuɗin aiki. Yanzu duk bayan ɗan lokaci sai an bi su da giris, in ba haka ba kukan ya dawo. Da an tambaye ni, baƙar roba zan ce, ta mutu in canza, hankalina kwance.

Abokan nan biyu na sake kiransu. Na ce amortiser da sifirin na gaba da rotil su saya ido rufe, a nan ban ga aibi ba, har yanzu sitiyarin yana nan daram kuma tayoyin gaba suna cinyewa daidai, ba gefe ɗaya ba kamar da. Amma lam kada su yarda a yi musu oda sai sun ga lambarsa da nauyin da aka rubuta masa tun kafin kuɗi ya bar hannunsu, kuma a rubuta a takardar shago. Wanda ya ɗaga motarsa kuma ya tuna ta ƙara tsayi, ba a shiga kwana da ita da gudun ƙaramar mota, sannan a sake saita fitilun gaba domin hasken yana kaucewa daga inda yake, a kuma koma a ƙara ɗaure ƙusoshin aksil bayan 'yan tafiye-tafiyen farko.

Bakanike ya ce zai iya zare ganye ɗaya daga kowane ɓangare ta yi laushi, amma bayan zai sauka, kuma ba shi da tabbacin yadda sauran za su jure in na yi lodin masara. Ban yarda ba tukuna. A yanzu buhunan yashi huɗu ne kwance a bayan motar dare da rana don su danne lam ɗin, ina ƙona gazuwal a kan ɗaukar yashi daga unguwa zuwa unguwa. Na ba wani ɗan'uwa da ke zuwa Duwala lambar matsakaicin lam ya duba min da idonsa, in kaka ta yi aka sayar da gyaɗa zan canza. Filta da batir kuwa na riga na koma saye a wani shagon.