Hattara da masu tallar filashin Windows a garin Kano

Jama'a, duk mai kwamfuta a garin nan ya karanta wannan, ya kuma tura wa ƙannensa, musamman ɗalibai masu rubuta furojet da masu shagunan buga takardu. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane suka shiga neman Windows 11 ido rufe, su kuma 'yan damfara suka samu kasuwa. Za ka ga tallarsu a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wasu har yawo suke yi shago-shago da kayan a jaka. Abin da suke cewa kusan iri ɗaya ne: filashi mai 128GB ko 256GB, an riga an saka masa Windows 11 da Office, an yi aktibeshin (wato kunna lasisi) na har abada, yana hawa kowace irin kwamfuta, kai dai ka soka ka ɗora da kanka ba sai ka je wurin mai gyara ba. Kuɗin kuma bai kai na filashi mai 32GB na gaske ba.

Ni gyaran kwamfuta nake yi, kuma irin waɗannan filashin sun sha zuwa teburina. Cutar da ke ciki hawa biyu ce. Ta farkon ita ta fi sa ni baƙin ciki, don ita ce ba ta da magani.

Filashin kansa na jabu ne. A cikin kowane filashi akwai wurin ajiya, akwai kuma wani ɗan guntun na'ura da ke gaya wa kwamfuta girmansa. Masu haɗa jabun sukan ɗauki wurin ajiya mai 8GB ko 16GB, su sake tsara wancan guntun ya riƙa cewa 256GB ne. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata shi take nunawa. Ka danna ka duba girmansa, za ka ga 256GB a rubuce ɓaro-ɓaro. Ko fomatin ka yi masa haka zai ci gaba da nunawa.

To ga inda wayon yake. Fayil ɗin ɗora Windows 11 bai kai 8GB ba, saboda haka yana zama daram a cikin ɗan wurin da yake na gaske. Idan mai sayarwa ya gwada maka a gabanka, kwamfuta za ta tashi daga filashin, tambarin Windows ya fito, ka gamsu ka biya. Sai ya ƙara maka da shawara kamar mai son ka da alheri: "Kafin ka ɗora, ka kwashe kayanka ka zuba a cikinsa, ai akwai wuri." Da zarar ka wuce wurin gaskiyar, duk abin da ka ƙara zubawa ba ya zama ko'ina. Wasu filashin zubar da shi suke yi kawai. Wasu kuma komawa farko suke yi su rubuta a kan na baya, kamar allon da ya cika aka wanke aka sake rubutu a kai. Amma sunayen fayilolin da girmansu suna nan a jere, babu wata alama da za ta nuna maka an yi ɓarna.

Wata ƙanwar maƙwabcina, 'yar ajin ƙarshe, haka aka yi mata. Ta zuba furojet ɗinta da hotunan bikin yayarta da karatuttukan da ta tara tun ajin farko, ta buɗe filashin ta ga komai ya shiga, ta goge laftof ɗin tas ta ɗora sabon Windows. Da ta zo mayar da kayan, fayil ɗin Word ya ƙi buɗuwa, hotunan kuma sai baƙin fili. Ta kawo min shago hannunta na rawa, tana cewa, "Yaya, ga su nan ina ganinsu, don Allah ka duba, wataƙila bairos ne." Na buɗe babi na huɗu da manhajar da ke nuna ainihin abin da ke cikin fayil. Sifili ne jere daga sama har ƙasa. Ba a taɓa rubuta komai a wurin ba, balle a ce za a dawo da shi. Abin da muka tsira da shi ɗan kwafin babi na ɗaya da na biyu ne da ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Lambar wanda ya sayar mata kuwa a kashe take, shafinsa ma ya canza suna.

Cuta ta biyu tana cikin Windows ɗin da suka saka. Ba daga Microsoft suka sauke shi ba, irin wanda wasu suka taɓa ne suka watsa a intanet. Alamominsa a bayyane suke ga wanda ya san abin dubawa: Windows Defender, maganin bairos da ke zuwa da Windows, a kashe kuma ya ƙi kunnuwa, sabuntawa a toshe, ga wasu manhajoji da ba kai ka saka ba, fanka na ta ihu alhali ba ka buɗe komai ba. Masu tallar har yabon abin suke yi, wai an rage masa nauyi don ya yi sauri. Wanda ya cire maka mai gadi tun kafin ka shiga gida, ai ka tambayi kanka me yake nufi.

Wannan ba zato ba ne. A watan Yuni 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya bayyana cewa ya gano wasu kwafin Windows 10 na sata da ake rabawa a intanet ɗauke da manhajar sata a ɓoye, a wani ɓangaren rumbun kwamfuta da maganin bairos bai cika leƙawa ba. Aikinta shi ne ta jira ka kwafi adireshin walat na kirifto, sai ta musanya shi da na ɓarayin kafin ka liƙa. Ku duba yawan matasanmu da ke harkar kirifto a Kano yanzu. Ga masu shiga asusun banki a laftof, ga masu kafe da ke cike wa mutane fom na JAMB da neman aiki, lambobin NIN da BVN na bayin Allah na wucewa ta hannunsu kullum. Mai kafe ɗaya ya ɗora irin wannan, unguwa guda ya jefa a haɗari.

Shi kuma aktibeshin na har abada da suke rantsuwa a kai, yawanci wata dabara ce da ake kira KMS, wadda asalinta an yi ta ne don manyan ma'aikatu, kuma kwana 180 take yi sai an sabunta. Shi ya sa suke barin wata manhaja tana gudana a ɓoye tana sabuntawa, kuma an sha kama irin waɗannan manhajojin ɗauke da masu satar kalmar sirri. In kana son ka gani da idonka, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta slmgr /xpr ka danna Enter. Idan ya nuna maka ranar ƙarewa a kwamfutarka ta gida, ka san abin da aka sayar maka.

Abin takaicin shi ne, fayil ɗin ɗora Windows da suke karɓar kuɗi a kai kyauta ake sauke shi, lasisin ne ba kyauta ba. Microsoft da kanta ta ajiye Windows 11 a shafinta, kowa na iya saukewa. Akwai 'yar manhajarta mai suna Media Creation Tool, ka ba ta filashi mai 8GB ko fiye, ita za ta sauke ta kuma shirya shi. Ko ka sauke fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin a dunƙule cikin fayil guda, ka yi amfani da Rufus, manhajar shirya filashi, shi ma kyauta ne, a rufus.ie kaɗai za ka ɗauko shi, ban da shafukan talla da ke fitowa a saman bincike. Duk hanyar da ka bi za ta goge abin da ke cikin filashin, don haka ka ba ta wanda babu komai a ciki. In ka gama, ka soka, ka kunna kwamfuta kana danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko yawancin Lenovo, ka zaɓi filashin. Abin da za ka kashe data ce kawai, kuma mutum ɗaya zai iya saukewa abokansa goma su amfana. Wanda aka ba shi ISO daga hannun wani, shafin Microsoft na nuna lambar tantancewa ta SHA256, umarnin Get-FileHash a PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, zai fito maka da ta fayil ɗinka ka gwada su. Harafi ɗaya ya saɓa, an taɓa shi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun zamanin Windows 8, kamfanoni ke binne mabuɗin lasisi a cikin na'urar kanta. Yawancin laftof na hannu da ake kawo mana daga Turai da Amurka, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad, suna zuwa da nasu lasisin. Ka ɗora Windows mai tsabta irin wanda ya zo da ita, Home ko Pro, ka haɗa intanet, sau da yawa da kansa zai yi aktibeshin. Wato mutum na da halal ɗinsa a hannu, ya je ya biya kuɗi a ɗora masa na sata.

Maganar yana hawa kowace kwamfuta ma da gyara. Kafin ya hau, Windows 11 na bincika ko kwamfutar na da TPM 2.0 (wani guntun tsaro ne a cikin na'urar), da RAM 4GB, da wurin ajiya 64GB, sannan in furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ta Intel ce, yawanci daga ƙarni na 8 zuwa sama. Ana iya tsallake wannan binciken, Rufus ma na da wurin da za ka zaɓi hakan ba tare da ko sisi ba, sai dai Microsoft ta ce ba ta lamunce wa irin wannan kwamfutar samun sabuntawa ba. Wanda tasa ta tsufa sosai, Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake ɗorawa a madadin Windows, sun ishe shi rubutu da bincike da kallo, kuma da wannan Rufus ɗin ake shirya filashinsu.

Kar a fahimce ni ba daidai ba. Akwai masu gyara na kirki a Farm Centre da Beirut Road da cikin unguwanni, kuma biyan mai gyara ladan aikinsa daidai ne, ba kowa ke da lokaci ko datar yin wannan ba. Bambancin shi ne mai gaskiya yana da shago, gobe za ka same shi. Ka tambaye shi daga ina ya sauke, ba zai yi fushi ba. Kuma ba zai taɓa goge maka rumbu ba sai ya tabbatar kayanka sun buɗu a wani wurin.

Duk sabon filashin da ka saya, ko a ina ne, ka gwada shi kafin ka amince masa. Akwai manhajojin gwaji: H2testw na cika shi da bayanai sannan ya karanta ya gaya maka nawa ne na gaske. Yana ɗaukar lokaci, amma ba ya ƙarya. ValiDrive ya fi sauri, cikin 'yan mintuna zai nuna maka jajayen wuraren da babu komai. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a gwada a gabansa, ka riƙe kuɗinka. Sannan don Allah kada ka zuba kayanka a filashin da za ka ɗora Windows da shi. Ka nemi wani daban, ka tura masu muhimmancin Google Drive ko imel ɗinka, ka cire filashin ka soka a wata kwamfutar ka buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka shiga a ƙarshe.

Wanda ya riga ya ɗora irin wannan Windows ɗin, ya cire kwamfutar daga intanet yau, ya canza kalmomin sirrinsa na imel da banki da Facebook ta wayarsa, ba ta wannan kwamfutar ba, sannan a goge a sake ɗora mai tsabta. Maganin bairos kaɗai ba zai wadatar ba. Wanda kuma kayansa suka salwanta, ya daina amfani da laftof ɗin nan take ya kai wa mai gyara, don a tsohon rumbu mai juyawa akan iya ceto wani abu idan ba a rubuta a kansa ba, a sabon rumbu irin na SSD kuwa da wuya. Ka adana hoton tallar da shaidar tura kuɗin da lambar asusun da ka biya. In a kasuwa ka saya, ka fara da shugabannin ƙungiyar kasuwar. In ta intanet ne, ka kai wa 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ka kuma kai rahoton shafin ga Facebook don a rufe shi kafin ya kama wani.